Cin Abincin Ƙasashe a Jidda: Shawarwari 12 ga Iyali

Duk shekara iyalai masu yawa daga ƙasar Hausa suna ratsa Jidda. Wasu Umara ko Hajji ne ya kawo su, wasu sarin kaya, wasu kuma ziyarar 'yan'uwa. Da yawansu sai su shiga birnin su fita ba su ɗanɗana komai ba sai guzurin da suka ƙunso daga gida da tuwon da ake kai musu masauki. Guzuri abin kirki ne, tuwo kuma ba ya gundurar Bahaushe. Amma wanda ya tsaya nan kaɗai ya yi asarar wani babban rabo.

Tun shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka. Daga lokacin ne alhazai suke sauka a gaɓarta daga gabas da yamma. Wasu sun sauke farali sun koma gida, wasu sun zauna sun hayayyafa, kowa kuma ya ɗora tukunyar garinsu. Mutanen Hadramaut na Yaman, da na Buhara, da na Jawa, da na Indiya, da Turkawa, da Misirawa, da namu mutanen Afirka ta Yamma, duk sun bar hannunsu a girkin birnin. Saboda haka abincin baƙi a Jidda abincin 'yan'uwa ne, kuma iyalin da suka shiga gidan abinci da sani da tsari za su ci daɗi, su tsare lafiyarsu da aljihunsu, yaransu kuma su ga faɗin al'ummar Musulmi da idonsu. Ga shawarwarin da za su taimaka.

1. Ku san wa ke dafa me kafin ku bar masauki

Yunwa ba ta bari a yi zaɓi mai kyau. A zauna a masauki a yanke shawarar irin abincin da za a nema, sannan a fita. Gidajen Yamanawa su ne na mandi da madbi da ma'asub. Gidajen da aka rubuta wa Buhari shinkafa da kaza gasasshiya suke sayarwa, kuma a yau akasari 'yan Afganistan ne ke riƙe da su. Turkawa sun shahara da kebab da miyar adas da burodi mai zafi. 'Yan Sham da Labanan suna cika tebur da ƙananan kwanuka na hummus da ganye da zaitun kafin gasasshen nama ya iso. Misirawa suna da koshari, wato shinkafa da adas da taliya a kwano ɗaya, an zuba miyar tumatir da soyayyar albasa a kai. 'Yan Pakistan suna da biryani da karahi. Unguwar Sharafiyya cike take da gidajen abincin mutanen Kerala na kudancin Indiya, masu dafa kifi da madarar kwakwa. 'Yan Indunusiya suna da soyayyar shinkafa da sate, tsinken nama da ake ci da miyar gyaɗa. Akwai kuma na Sudan da na Habasha ga mai son asida ko kisira ko injera.

2. Ku fara da abin da ya yi kusa da na gida

Idan akwai yara ko dattawa a tafiyar, ranar farko a nufi gidan Buhari ko na mandi. Shinkafar Buhari ana dafa ta da karas da albasa da tumatir, wani wurin a watsa zabibi a kai. Tushenta mutanen Asiya ta Tsakiya ne, waɗanda da yawansu suka yi ƙaura zuwa Hijaz bayan da mulkin Sobiyat ya mamaye garuruwansu. Duk wanda ya saba da dafa-duka zai karɓe ta hannu biyu.

Mandi kuwa aikin haƙuri ne. Akwai tanderu da ake ginawa cikin ƙasa, a hura itace har ya zama garwashi, a sa tukunyar shinkafa a ƙasa, a jera naman rago ko kaza a samanta, a rufe bakin ramin ruf. Kitsen naman yana ɗiga cikin shinkafar, hayaƙi yana ratsa duka biyun. In an kawo tiren, za ka ga nama yana barin ƙashi da zarar yatsa ya taɓa shi, don haka ko Hajiya babba da haƙora suka yi wa rauni za ta ci ta ƙoshi. Madbi shi ne wanda ake gasawa a kan duwatsu masu zafi, ya fi mandi bushewa da ƙamshin wuta. Ga ƙananan yara akwai salik, farar shinkafa da ake dafawa da romo da madara har ta yi luguf. Sai baki ya saba da waɗannan sannan a matsa zuwa girkin Indiya ko Indunusiya.

3. A yi odar tire ɗaya, kada a ƙirga kawuna

Nan ne kuɗin mutanenmu suka fi zubewa. Maigida ya duba ya ga su shida ne, sai ya ce a kawo shida. Abincin waɗannan gidaje an tsara shi ne don a haɗu a ci, kuma shinkafar da ke zuwa da rabin kaza takan ishi babba da yaro. Iyali mai mutum biyar ko shida su fara da kaza ɗaya da rabi, ko biyu, a haɗe a babban tire. In bai isa ba a ƙaro, ƙarin ba ya ɗaukar lokaci.

Kalmomi kaɗan sun isa a yi ciniki. Habba kaza guda ce, nus habba rabi, rubu'u kwata. Nafar kason mutum ɗaya ne, da shi ake auna naman rago. Shawwaya ita ce kazar da ke juyawa cikin injin gashi, faham kuma ta garwashi. Mai karɓar oda zai tambaya: mahalli ko safari? Wato a nan za ku ci ko tafiya za ku yi da shi. In an ci an rage, a nemi a ƙunshe. Ba abin kunya ba ne a can, kowa yana yi. Ragowar da ba a jagwalgwala ba ta zama abincin dare, ko a miƙa wa mai shara a bakin titi da mutunci.

4. Kada karin kumallon Jidda ya wuce ku

Bayan sallar Asuba, uwargida da maigida su leƙa gidan ful da tamis mafi kusa. Za ku tarar da layi a gaban tanderu. Mai gashin yana miƙar da curin ƙullu a kan wani matashi mai zagaye, ya zura hannu ya manna shi jikin tanderun, bayan 'yan mintoci ya zaro shi da ƙarfe, faffaɗa, yana tururi, ya naɗe a takarda. Wannan ne tamis, burodin da ake dangantawa da mutanen Afganistan da Buhara. Gefensa akwai doguwar tukunya mai ƙaramin baki, an karkata ta, wake ya kwana yana nuna a ciki. Da dogon ludayi ake kwaso shi, a dama, a zuba mai ko man shanu, a yayyafa kayan ƙamshi, shi ne ful. Tamis biyu da kwanon ful biyu da shayi sukan riƙe iyali har Azahar, kuma da wuya a samu abinci mai araha kamarsa a birnin.

Wata safiyar a gwada mutabbak, siririn ƙullu da ake naɗe ƙwai da niƙaƙƙen nama da ganyen albasa a ciki, a soya a kan faffaɗan ƙarfe. Ma'asub kuwa ayaba ce da burodi ake kirɓawa tare, a zuba man shanu da zuma da kirim. Yana da nauyi ƙwarai, kwano ɗaya ya ishi mutum uku ɗanɗano.

5. Ku ware rana guda domin kifi

Jidda a bakin Bahar Maliya take, kuma yawancinmu kifin kogi da na ƙanƙara muka sani. Babbar kasuwar kifi, wadda mutanen gari ke kira Bangala, tana kusa da tashar jiragen ruwa, ba nisa da Balad, tsohon gari. A je da safe. Za ku ga najil, ja mai ɗige-ɗige, wanda ya fi sauran tsada, da hamur, da sha'ur, da harid mai launin kore da shuɗi, ga jatan lande da ƙaguwa jibge a kan ƙanƙara. Tsarin wurin mai sauƙi ne: ka saya, ka kai sashen masu gyara su kankare su yanka a kan ɗan kuɗi, sannan ka kai gidan abincin da ke wurin a soya ko a gasa maka.

Uwargida ta sa idon da take sawa a kasuwar gida. Idon kifi ya zama garau, cikin kunnensa ja, tsokarsa ta dawo in an danna, warinsa kuma na ruwan teku ne kawai. A tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a sikeli, a tsaya a ga awon, a kuma tuna cewa da kai da kayan ciki ake aunawa. Haka ma a gidajen kifi na bakin teku da na unguwar Obhur: a ji farashin kilo da kuɗin dafawa kafin a ce a dafa. Abokin cin kifi a nan shi ne sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da albasar da aka soya har ta yi duhu, tare da miyar tsamiya da ta riɗi. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna, domin akwai jikin da ba ya karɓarsu.

6. Ku san inda yaji yake da inda babu

Girkin Larabawa da Turkawa ƙamshi ne ya fi yawa a cikinsa: kirfa, kanumfari, masoro, busasshen lemon tsami. Barkono a gefe yake zuwa, cikin ɗan kwano na markaɗaɗɗen tumatir da ake kira dakkus, ko sahawik a gidajen Yamanawa. Bahaushen da ya ji abincin salam ya nemi wannan, ko ya fito da ƙullin yajinsa daga jaka, ba mai hana shi. A gidajen Pakistan da Indiya da Indunusiya lamarin ya juya, yajin yana cikin miyar tun daga tukunya. Idan da yara ko mai gyambon ciki, a faɗa tun wajen oda: bidun harr, wato ban da yaji. In kuma yaji ya riga ya kama bakin yaro, a ba shi laban, wato nono, ko burodi. Ruwa ba ya kashe zafin barkono.

7. Mai lalura ya yi magana tun kafin a kawo abinci

Tun farkon 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori a gaban kowane abinci. Mai ciwon suga da mai neman rage ƙiba su riƙa duba wannan lamba. Shayin adani da karak da madara da sukari suke zuwa a haɗe, sai an ce bidun sukkar. Lemon 'ya'yan itace da ake markaɗawa nan take ma ana zuba masa sukari in ba a hana ba. Kunafa da baklawa da basbusa a jiƙe suke da ruwan sukari, yanka ɗaya a raba. Mai hawan jini ya yi hattara da kayan tsami da zaitun da cuku, gishirinsu yana da yawa. Wanda gyaɗa ko riɗi ke tayar wa borin jiki ya sani cewa riɗi yana cikin hummus da miyar kifi, gyaɗa kuma tana cikin miyar sate. A rubuta sunan abin da Larabci a waya, a nuna wa mai karɓar oda, ya fi a dogara da nuni da hannu.

Sannan kada a gwada sabon abinci a daren da za a shiga Makka yin ɗawafi da sa'ayi, ko ranar da za a hau jirgi. A bar gwaji sai an sauke ibada an huta.

8. Ku kwantar da hankali kan halal

Iyalin da suka saba ɗari-ɗari da gidan abincin Sin ko na Filifin a wasu birane su saki jiki a nan. Dokar ƙasar ta hana naman alade da giya a gidajen abinci, ko na wace ƙasa ne. Game da abin da ke fitowa daga teku, mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi ta halatta shi gaba ɗaya, har da jatan lande da ƙaguwa. Idan kun ci tare da wanda ke ƙaurace musu, kamar wasu mabiya Hanafiyya, fahimtar malamansu ce, a girmama. Abin da ya rage a kula da shi shi ne ɗanyen kifi da ake ci a gidajen abincin Japan. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi su bar shi saboda lafiya.

9. Ku daidaita cikinku da agogon gari

Mutanen Jidda suna cin abincin rana ne bayan Azahar zuwa La'asar, na dare kuma bayan Isha, wasu har tsakar dare. Mandin rago yakan fito da rana, wanda ya makara sai ya tarar saura kaza. Tun 2013 ranakun hutun mako Juma'a da Asabar ne, saboda haka daren Alhamis da na Juma'a cunkoso ya fi yawa, a tituna da gidajen abinci. Ranar Juma'a wurare da dama sai an sauko daga masallaci suke buɗewa. Tun 2021 an ba shaguna damar zama a buɗe lokacin salla, amma har yanzu ƙananan gidajen abinci da yawa suna sauke ƙofa. A yi salla tukuna, a zo a ci a natse. Da azumi ba a cin abinci a gidajen da rana. Mai son buɗa-baki a waje ya je da wuri, ya kuma nemi sambusa da miyar hatsi da subiya, abin sha mai sanyi da mutanen Hijaz suka saba da shi a Ramadan.

10. Ku nemi wurin zaman da ya dace da iyalinku

A Disamban 2019 aka soke dokar da ta tilasta wa gidajen abinci ware ƙofar maza daban da ta iyali. Duk da haka gidaje da yawa, musamman na mandi, sun bar sashen a'ilat na iyali da na afrad na maza zalla. A sashen iyali akan samu ƙananan ɗakuna masu labule ko ƙofa, da darduma da matasai. A cire takalmi a bakin ƙofa, a shimfiɗa leda, a ɗora tire a tsakiya, kowa ya ci gabansa da hannun dama. Hajiya mai niƙabi za ta sake a nan, yara ma ba za su dami kowa ba. In akwai dattijo mai ciwon gwiwa, a tambaya ko da tebur da kujera kafin a yi oda. Wasu ƙananan gidajen Buhari da na ful ba su da wurin mata, nan sai maigida ya yi safari a ci a masauki ko a bakin teku da yamma. Kuma a ja wa matasa kunne kan ɗaukar hoto: tiren gabanku naku ne, amma ɗaukar mutane ba da izininsu ba laifi ne a dokar ƙasar.

11. Ku yi lissafi, ku kuma duba tsafta

Riyal 3.75 ne dala ɗaya, kuma an daɗe a haka, don haka lissafi ba ya wuya. Tun Yulin 2020 harajin kaya ya koma kashi 15 cikin 100, za ku gan shi a rasit. A karɓi rasit a duba kafin a tashi. Unguwa ce ke yanka farashi: abin da za a biya a titin Tahliya ko a bakin teku ya ninka na Balad da Bab Makka da Sharafiyya. Dabara ita ce a riƙa cin na yau da kullum a gidajen unguwa, a ware dare ɗaya domin babban wuri. A manyan gidajen Labanan da Turkiyya a tambaya ko ruwa da ƙananan kwanukan da aka jera kyauta ne. A riƙe tsabar riyal a aljihu, kada a dogara ga katin bankin gida kaɗai.

Wajen tsafta, gidan da mutanen gari ke layi ya fi wanda ke fayau, domin abincinsa ba ya kwana. A duba wurin wanke hannu, a duba ko mai karɓar kuɗi shi ne mai taɓa abinci. Shawarma a yanko ta a gabanka, daga gefen da ya gasu. Jidda gari ne mai zafi da gumi, abincin da aka ƙunsa kada ya wuce awa biyu a mota ko a ɗaki ba firji. Wanda ya ga ƙazanta ƙarara yana iya kiran 940, lambar ƙorafi ta hukumar birni. Yara kuwa za su nemi Albaik, gidan soyayyar kaza da aka kafa a Jidda a 1974. A kai su, sai dai kada a bari ya zama abincin kullum.

12. Ku shiga da ladabi, ku nemi namu a cikin jerin

Mutumin da ke kawo muku abinci baƙo ne kamar ku, ya baro iyali a Bangaladash ko Yaman ko Kerala yana nema musu. A yi masa sallama, a kira shi ya akhi ko mu'allim, a guji tafa hannu ko daka tsawa. In Larabci ya gaza, a nuna hoto, a yi haƙuri da juna. Ba dole ba ne a bar masa wani abu, amma riyal kaɗan da fuska a sake suna da daraja a wurinsa. In abinci bai yi wa yaro daɗi ba, a koya masa sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ba ya aibata abinci: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Kafin ku bar gari, ku tambayi inda ake sayar da siriye. Za a kai ku wurin da ake yanka nama falle-falle, a barbaɗe shi da garin ƙuli da yaji, a gasa a garwashi, a kawo da albasa. Tsirenmu ne. Mutanen Afirka ta Yamma da suka zauna a Makka da Jidda da Madina ne suka kawo shi, cikinsu har da zuriyar waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kuma yau Larabawa da Indiyawa suna layi a kansa. Ku zaunar da yaranku su ci, ku gaya musu yadda kakanninsu suka yi shekaru a hanya, a ƙasa da kan raƙumi, ta Barno da Sudan, kafin su tsallaka teku. In kun koma gida, uwargida ta sayo kayan ƙamshin Buhari da busasshen lemon tsami a kasuwar Balad, ta dafa wa 'yan sannu da zuwa, domin waɗanda ba su samu tafiya ba su ma su samu rabonsu.